Fijon Kaduna da Manyan Motocin Jamus a Hanyar Illela

Daga Sakkwato zuwa Illela kilomita 80 ne da ɗoriya. Ka fita gari ka ƙetare gulbi, ka wuce Kware, ka wuce Gwadabawa, sai ka miƙi arewa har Illela. Amarawa tana nan dab da bakin iyaka, Birnin Kwanni kuwa tana tsallake kaɗan, a ƙasar Nijar. Marsandi 500E, wadda Jamusawa suka fito da ita a 1990, tana gudun kilomita 250 a awa. Da a ce hanyar nan fetal take, babu rami, babu shingen jami'ai, babu garken shanu mai ƙetarawa, babu amalanken raƙumi a kwana, da minti 20 ya ishe ta. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ranar kasuwar Illela ya san ba haka abin yake ba. Shi ya sa idan ana gardamar wace tsohuwar mota ce ta fi ƙarfi, wacce ta fi gudu, wacce ta fi daraja, nakan so a fara da tambayar: a wace hanya, kuma a hannun wa?

Motocin da ake wannan gardama a kansu a Turai iri ɗaya ne a siffa. Salun ce mai ƙofa huɗu, wadda in ka gan ta a fake sai ka ce ta wani darakta ce ko ta kai yara makaranta, alhali a ƙarƙashin bonet injin motar tsere ne. Tushen abin ana danganta shi da wani injiniyan Mercedes-Benz mai suna Erich Waxenberger. Shi ya ɗauko ƙaton inji mai silinda takwas na Mercedes 600, motar shugabannin ƙasashe, ya cusa shi cikin jikin da bai kai ta nauyi ba. A 1968 aka fito da ita da sunan 300 SEL 6.3, tana da ƙarfin dawaki 250, tana gudun kilomita 220 a awa. A 1975 magajiyarta ta zo, 450 SEL 6.9, mai ƙarfin dawaki 286 da gudun kilomita 225. Wannan ba ta zaune a kan sifirin na ƙarfe kamar sauran motoci, mai ne da iskar gas ke ɗauke da ita, kuma injinta kaɗai yana shan baƙin mai lita 12. Guda 7,380 aka ƙera.

BMW ta mayar da martani a tsakiyar shekarun 1980 da M5 ta farko. Injinta ɗan lita 3.5 ne mai silinda shida, an samo shi daga motar tsere M1, yana ba da dawaki 286 kamar na 6.9, amma a jiki mara nauyi da giyar hannu, don haka take kaiwa kilomita 245. Ba su wuce 2,241 ba a duniya, kuma wasu 'yan kaɗan daga ciki a Afirka ta Kudu aka harhaɗa su. Sai 1990, shekarar da motoci biyu suka fito kusan tare. Ɗaya ita ce 500E da na ambata: inji lita 5, silinda takwas, dawaki 326, daga tsaye zuwa kilomita 100 cikin daƙiƙa shida da ɗan kai. Saboda an faɗaɗa mata madigadi, sai aikin haɗa ta ya koma hannun kamfanin Porsche a unguwar Zuffenhausen ta birnin Stuttgart, ana kai jikin ana dawo da shi tsakanin masana'antu biyu, kowace mota tana cin kwana 18. Ɗayar kuwa Lotus Carlton ce ta Ingila, mai turbo biyu da dawaki 377, wadda ta haura kilomita 280 a awa. Guda 950 kacal aka yi, kuma sai da 'yan sandan Birtaniya suka koka da ita har maganar ta shiga majalisa, don motocin sintirinsu ba sa iya cim mata.

In a takarda ne, gardama ta ƙare: Lotus ta fi su ƙarfi, ta fi su gudu. Amma da za a jera mini su duka a ce in zaɓa, 500E zan ɗauka. Ita ce wadda ƙarfinta bai hana ta zama mota ba. Tana canja giya da kanta, tana da sanyi, mutum zai yi doguwar tafiya a cikinta ya fito bai gaji ba, kuma mafi yawan jikinta ɗaya ne da na Marsandin da muka sani a nan da sunan V-Boot. M5 motar direba ce, tana son mai hannu, tana kuma son makaniken da ya san saitin bawul 24 da maƙogwaron iska shida. Ita kuwa 6.9, ranar da bututun man da ke ɗauke da ita ya fashe, sai ta durƙusa ƙasa, kuma ba kowane gareji ne zai tashe ta ba ko a Jamus.

To, kawo kowaccensu Illela a watan Afirilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Matsala ta farko ƙasa ce. An saukar da 500E ta fi V-Boot ta yau da kullum kusa da kwalta, don ta manne a babban titin Jamus, kuma a hanyar da tireloli suka tona, cikin motar ne zai fara gaisawa da dutse. Ta biyu mai ne. Waɗannan injuna an yi su don fetur mai tsabta mai ƙarfi, ba wanda ya kwana a jarka a bakin hanya ba. Ta uku ƙurar da ke shiga ko'ina. Ta huɗu kuwa wayoyi: Marsandin farkon shekarun 1990 an san su da wata irin robar waya da ke rududdugewa in zafi ya dafa ta, sai wayoyin su haɗu, kwamfutar inji ta rikice. A garejin bakin iyaka, abin da za ka ji shi ne, "Alhaji, wagga mota ba ta hanyarmu ba ce." Ba raini ba ne. Gaskiya ce ta wanda ya san inda safaya take da inda babu ita.

Motar da ta yi gudu a wannan yanki, gudun da mutane suka gani da idonsu suka kuma ba da labari, Fijo 504 ce. A ma'aunin mujallun Turai ba ta ma cikin layi. Injinta ɗan lita 2 ne mai silinda huɗu da kafireto, ƙarfinsa bai cika dawaki 100 ba, kuma in ta ƙure tana wajen kilomita 160 a awa. Kashi ɗaya cikin uku ke nan na ƙarfin 500E, ko ƙasa da haka. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa a 1968, gidan zane na Pininfarina a Italiya ya tsara siffarta, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Abin da ya bambanta ta ba a ƙarƙashin bonet yake ba, a ƙafafu yake. Sifirin ɗinta da shokozoba suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, don haka tayar na faɗawa rami ta fito ba tare da jikin ya girgiza sosai ba. Tana da tsawo daga ƙasa. Sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya tana lulluɓe cikin bututun ƙarfe, dutse ba ya samunta, yashi ba ya cinta. Wagon ɗinta kuwa sifirin huɗu ne a baya, biyu kowane gefe, shi ya sa take ɗaukar lodin da ke sa mutum ya riƙe baki.

Sakamakon haka, a hanyar da babbar Marsandi za ta rage gudu ta lallaɓa, Fijo ba ta ɗaga ƙafa daga totur. Wannan ba zancen tasha ba ne kawai. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504, tseren da ya haura kilomita 5,000 cikin laka da ƙura da duwatsu. A shekarar ce Hannu Mikkola ya ci tseren Maroko da ita, ita ce kuma ta ci tseren Bandama na Kwaddibuwa. Manyan tseren Afirka uku a shekara ɗaya, da motar da ƙarfinta bai kusa da na 6.9 ba, wadda ita ma a shekarar ta fito. Don adalci, Marsandi ma tana da nata tarihin a mugunyar hanya: 280E, daga dangin da aka fi sani da 200 da 230 masu zagayen fitila, ta ci doguwar tafiyar London zuwa Sydney a 1977 a hannun Andrew Cowan. Amma ka lura, ita ma ba cikin manyan masu silinda takwas take ba. Matsakaiciya ce mai ƙwari.

A 1975 ɗin dai masana'antar Peugeot Automobile Nigeria ta fara aiki a Kakuri, Kaduna. A farkon lamarin, da jirgin sama ake kwaso sassan motar daga birnin Lyon a sauke su a filin jirgin Kano, sannan a kai su Kaduna a harhaɗa. Sai kuma siyasa ta shigo. Ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe Janar Murtala Muhammad a Legas, yana cikin baƙar Marsandinsa ba tare da rakiyar kirki ba. Gwamnatin Obasanjo da ta biyo baya ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, 504 ta zama motar hukuma tun daga shugaban ƙasa har ƙasa. Daga nan ta zama motar gwamna, ta alƙali, ta sakataren ƙaramar hukuma, ta 'yan sanda, ta malamin makarantar da ya samu bashin mota. A Faransa an daina yin salun ɗin a 1983. A Kaduna aka ci gaba da ita har tsakiyar shekarun 2000, tare da ƙanwarta 505.

Marsandi ta dawo da ƙarfinta a jamhuriya ta biyu. Babbar salun da ta fito a 1979, shekarar da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki, har sunansa mutane suka laƙaba mata, kuma a ƙasar Sakkwato wannan suna yana da nauyi na daban. Samfurin 500 SEL nata yana da silinda takwas da gudun da ya haura kilomita 220. Ita ce mafi kusa da waccan jerin na Turai da idon mutanenmu ya saba gani. Sai dai ba don gudu ake sayenta ba. A hankali ake tuƙa ta, zuwa ɗaurin aure, zuwa Idi, zuwa gaisuwar fada, don a ga wanda ke zaune a baya. Gudu aikin Fijo ne: direban haya da ke son ya yi sahu biyu kafin la'asar, da ɗan fasa-ƙwauri da ya ƙara wa motarsa sifirin, ya cire kujerar baya, ya bi ta daji da dare. Wannan gudu ya ci rayuka, kada a manta. Wagon mai kujera layi uku, cike da fasinja da kaya a bisa, da taya mai gajiya, in ta ƙwace ba ta barin kowa. Lokacin da aka kafa hukumar kiyaye haɗurra a 1988, dokar da ake da ita ga ƙananan motoci ita ce kilomita 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Ko Fijon ma ta ninka na farkon, balle mai 250.

Ta ina motocin suka riƙa shigowa? Ban da na Kaduna, akwai hanyoyi biyu da suka haɗu a Kwanni. A shekarun 1980 samarin Turawa sukan sayi tsohuwar 504 a Faransa da araha, su ƙetare teku, su bi ta Aljeriya su ratsa hamada ta Tamanrasset da Assamaka, su fito Arlit da Agadez, su sayar da ita a Nijar su koma gida da jirgi. Hanyar da ta gangaro daga Agadez ta Tawa tana haɗuwa da babban titin Yamai zuwa Damagaram kusa da Kwanni. Daga baya tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta karɓe kasuwar: mota ta sauka a Binin, ta hau arewa ta ƙetare kogin Kwara a Gaya, ta bi Doso da Dogondutsi, ta iso Kwanni ko Maraɗi da takardar wucewa, sannan ta tsallako. Dubban V-Boot da 190 da 505 da suka cika garuruwan Arewa ta irin wannan hanya suka zo, har "'yar Kwatano" ya zama sunan kowace motar hannu mai kyan jiki. Gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. A Agusta 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya, Illela tana cikin huɗun farko da aka buɗe a Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024.

Wannan tarihin shigowa shi ne ya kawo mu ga ma'auni na uku, wato daraja, wanda ya fi damuna. Masu tara tsofaffin motoci ba ƙarfin inji suke saye ba. Shaida ita ce 190, ƙaramar Marsandin da muka raina muka mayar tasi. Akwai wani samfurinta na 1990, 190E 2.5-16 Evolution II, mai dawaki 235, ƙasa da 500E nesa ba kusa ba. Amma guda 502 aka yi don cika sharaɗin shiga tseren Jamus, kuma yau ana sayar da ita dala dubu ɗaruruwa, ta ninka kuɗin 500E, wadda aka yi fiye da 10,000. Ƙaranci ne farko. Bayansa sai asali: injin da ta fito da shi daga masana'anta yana nan? Fentinta na farko ne? Kujerun nata ne? Sai takardu: wa ya fara sayenta, ina aka riƙa yi mata sabis, mitar gaskiya take faɗa?

Duk abin nan da suke nema, shi ne rayuwar mota a nan ke gogewa. Motar da ta ratso ƙasa uku ta shigo ta daji ba ta da littafin sabis, wani lokaci ma takardar kwastan ɗinta ba ta dace da lambar shasinta ba. Injin ya gaji an sauke an ɗora na gwanjo. An cire injekta an sa kafireto don makanike ya iya taɓawa. An yi fenti sau uku. Ban ga laifin kowa a nan ba, domin da wannan dabarar ce mota ta yi shekara 30 tana ciyar da gida, kuma makanikan da suka iya haka gwanaye ne na gaske. Amma a idon mai tarawa, kowane gyara ragin kuɗi ne. Motar da ta fi yi wa mutane aiki ita ce ta fi faɗuwa a kasuwarsa, wadda aka kulle a gareji ba ta amfani kowa ba ita ke tashi. Fijo 504, da aka yi fiye da miliyan uku, ko a Turai kuɗin salun ɗinta bai taka kara ya karya ba in aka gwada da waɗancan. Masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen rufi su ake rububi, su kuwa ba a haɗa su a Kaduna ba.

Akwai abu na huɗu da ke iya rinjayar duka ukun, wato labarin wanda ya hau motar. A Maris 2011 aka yi gwanjon wata farar 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, aka ba da rahoton an saye ta dala miliyan biyu da rabi, kuɗin kuma don gina gidajen marasa galihu. Inji ɗaya ne da na kowace 504 da ke tashar Illela. Marsandin Murtala, 230.6 mai matsakaicin ƙarfi, tana gidan tarihi na ƙasa a Onikan, Legas, da ramukan harsashi a jikinta, kuma babu kuɗin da zai fitar da ita daga nan. Fadar Kano ta riƙe tsohuwar Rolls-Royce ɗinta, ana fito da ita a manyan ranaku. Ke nan mun san ajiye mota in ta shafi mulki ko sarauta. Abin da ba mu saba ba shi ne ajiye motar talaka, ko ta ma'aikaci, ko wadda hannun ɗan ƙasa ya ɗaure wa ƙusa a Kakuri.

Ni a ganina, a nan darajar take. Fijon Kaduna ba ta da tsada a gwanjon London, amma abu ne da ba za a sake yi ba: motar da aka ci gaba da haɗawa a Arewacin Najeriya fiye da shekara 20 bayan ƙasar da ta ƙirƙire ta ta daina, wadda ta ɗauki gwamna da ɗan kasuwar albasa da amarya a hanya ɗaya. Yawan da ya hana ta tsada yana ƙarewa da sauri. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, mota mai kafireto da lita 2 ta zama nauyi ga mai ita, balle V8. Golf da Toyota sun karɓe tasha tun kafin nan. Waɗanda suka rage suna fake a ƙofar gida tayoyi sun sace, 'yan gwangwan kuwa suna zagayawa, suna saye da kilo, su daddatsa su loda a tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe.

Yanayinmu yana da wata fa'ida ɗaya da Turai ba ta da ita. Abin da ya cinye 504 da tsofaffin Marsandi a can tsatsa ce, saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. A busasshiyar ƙasa kamar Illela da Kwanni, jikin mota yana iya shekara 40 ƙarfensa lafiya lau. Rana ce ke ƙona fenti, ta tsattsage dashbod, ta busar da roba, waɗannan kuwa duk ana iya sauyawa. Don haka in akwai 504 ko 505 ko V-Boot ta mahaifi a gida, wadda ba ta yi haya ba, abin da ya kamata a fara nema ba makanike ba ne, jakar takardu ce: rasiɗin dila, takardar kwastan, tsohuwar lambar jiha, littafin sabis in yana nan, har da hoton ranar da aka kawo ta. A duba ƙaramin farantin ƙarfe da ke ƙarƙashin bonet a tabbatar lambarsa ta dace da ta takarda. A shigar da ita inuwa, a ɗaga ta daga kan tayoyi, a riƙa tayar da injin lokaci-lokaci. Kafireto da lagireto da filogin 504 har yanzu ana samunsu a kasuwannin safaya na Sakkwato da Kano da Kaduna, kuma tsofaffin makanikan da suka koyi aiki a kanta suna nan da ransu a gareji.